Yadda Ake Gano Tsofaffin Maƙabartun Karkarar Amurka, a Rubuta Su, a Gyara Su

Duk wanda ya bi hanyoyin karkara a jihohin Ohayo, Indiyana ko Ayowa zai riƙa hango wani ɗan kurmi a tsakiyar gona, itatuwa biyar ko goma a cure wuri guda, an nome ko'ina an bar su. Manomi ba ya barin ƙasa haka kawai. Sau tari idan ka kutsa ciki za ka tarar da duwatsu a kwance cikin ciyawa, wasu da rubutu, wasu babu. Maƙabartar wani iyali ce da suka sari dajin tun wajen 1830 ko 1840, jikokinsu suka sayar da gonar suka yi yamma. Bayan irin waɗannan na iyali, akwai na coci-coci da gininsu ya rushe ko aka ɗauke shi, akwai na gama-gari da hukumar gunduma ta keɓe, akwai kuma na gidajen marasa galihu, inda sau da yawa lamba kawai ake sa wa kabari, babu suna.

Aikin ceto irin wannan wuri jere gare shi, kuma jeren shi ne rabin aikin: izini, takardu, kallo, awo, rubutu, sai can daga ƙarshe a taɓa dutse. Sanyi da ruwan sama suna cin dutse a hankali cikin shekara ɗari. 'Yan sa-kai masu kyakkyawar niyya kuwa, da injin yankan ciyawa da buhun siminti, sukan yi ɓarnar da ta fi wannan a Asabar ɗaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Gunduma da adireshin ƙasa

Abin da Amurkawa ke kira taunshif, wanda za mu riƙa ce wa gunduma, iri biyu ne. Na farko na awo ne. Dokar filaye ta 1785 ta sa aka yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowanne mil shida tsawo mil shida faɗi, aka raba shi gida 36, kowane gida eka 640. A mafi yawan wurare lambar gidajen tana farawa daga kusurwar arewa maso gabas, ta tafi yamma har 6, ta sauko ta juyo gabas daga 7 zuwa 12, haka dai kamar tafiyar garma har 36. A wasu sassan Ohayo da aka fara aunawa jerin ya bambanta, don haka ka duba taswira kafin ka ƙirga. Na biyu na mulki ne, wato ƙaramar hukuma da ke ƙarƙashin kaunti (babban yankin mulki a cikin jiha), wadda zaɓaɓɓun amintattu ke gudanarwa. Iyakokin su biyun ba kullum suke haɗuwa ba, gundumomin Fensilfeniya ma ba su bi wannan awo ba sam.

Amfanin sanin wannan shi ne tsofaffin takardu da shi suke ba da adireshi. Idan an rubuta cewa maƙabarta tana kwatar arewa maso yamma ta gida na 14, an rage maka nema zuwa eka 160. Idan an ƙara da kwatar kwata, ya dawo eka 40, abin da mutum biyu za su tattake kafin la'asar.

Izini

Kafin ka taka ƙafa, ka san mai ƙasar. Ofishin rajistar filaye na kaunti ne zai gaya maka. Idan filin na gunduma ne, amintattu za ka nema. A Ohayo da Indiyana doka ta ɗora musu kula da maƙabartun da aka yi watsi da su cikin wasu sharuɗɗa, a Ayowa kuma akwai rukuni na musamman na maƙabartun mazaunan farko, waɗanda aka binne mutum 12 ko ƙasa da haka a cikinsu cikin shekara 50 da suka wuce. Idan filin na mai gona ne, ka same shi da ladabi. Wasu jihohi, kamar Bajiniya, sun ba zuriyar mamaci haƙƙin ziyartar kabari ko da a filin wani ne, amma haƙƙin ziyara daban, izinin gyara daban.

Ka karɓi izinin a rubuce, a fayyace abin da ya ƙunsa: sara, wanki, tono. A Indiyana ko soka sanda cikin ƙasa don neman dutsen da ya nutse sai da takardar izini daga hukumar jiha, kuma mai son yin gini a tazarar ƙafa 100 daga maƙabarta sai ya gabatar da tsarinsa an amince. Kowace jiha da nata, ka karanta dokar jihar da kake ciki.

Takardu kafin takalmi

Wuni biyu a ɗakin karatu suna rage maka sati biyu a daji. Ka fara da kundin taswirorin kaunti na shekarun 1870, waɗanda ke nuna sunan mai kowace gona, da ɗan gicciye ko alama a inda maƙabarta take. Ka haɗa da tsofaffin taswirorin USGS, hukumar awon ƙasa ta gwamnatin tarayya, inda za ka ga an rubuta "Cem", wato maƙabarta a taƙaice, a gefen ɗan akwati, da hotunan sama da ma'aikatar gona ta fara ɗauka tun shekarun 1930. Hotunan nan suna da daraja, domin sukan nuna shinge ko itatuwan da yanzu babu su.

Sai takardun cinikin fili. Ka bi su baya-baya kana neman jimlar da mai sayarwa ya ce ya sayar da komai ban da rubu'in eka ko rabin eka inda kaburbura suke. Wannan togaciya ita ce sau da yawa kaɗai shaidar girman wurin na asali. Ka nemi kuma jerin sunayen da wasu suka kwafa kafin kai: ma'aikatan WPA, shirin gwamnati na samar da aikin yi, sun yi rajistar kaburbura a wasu jihohi a shekarun 1930, matan DAR, ƙungiyar zuriyar waɗanda suka taimaka a yaƙin neman 'yancin Amurka, da ƙungiyoyin tarihin kaunti ma sun yi nasu. Dutsen da suka karanta a 1938 mai yiwuwa yau ya shafe ko ya nutse. Kada dai ka ɗauki jerinsu kamar yankan wuƙa, su ma sun yi kuskure, kuma da yawa sun jera sunaye bisa haruffa, suka ɓatar da bayanin wanda ke kwance kusa da wa.

Dalilin duk wannan wahala: rajistar mutuwa ta jiha ba ta fara a Fensilfeniya ba sai 1906, a Ohayo sai ƙarshen 1908. Kafin nan abin da kaunti ke rubutawa da giɓi yake, in ma akwai. Jaririn da ya rayu wata huɗu a 1851, dutsen nan ne kawai ya san da shi.

Zuwan farko: ido kawai

Ka je a Maris ko farkon Afrilu kafin ganye ya fito, ko a Nuwamba bayan ya zube. A tsakiyar shekara ciyawa ta rufe komai, ga kaska mai ɗauke da cutar Laim, ga ganyen nan mai uku-uku da ke sa fata ƙuraje da ƙaiƙayi. Dogon wando, safar hannu, takalmi mai rufi. Kada ka je kai kaɗai.

Ranar nan ba a ɗaga komai. Ka ɗauki hoto daga kusurwa huɗu, sannan ka tsaya ka karanci ƙasa. Tsofaffin kaburburan Kirista a wannan yanki galibi gabas da yamma suke, kai a yamma, ƙafa a gabas, a jere sahu-sahu daga arewa zuwa kudu. Idan akwatin katako ya ruɓe ƙasa takan lotsa, ta bar kwari mai tsawon kamar mita biyu da faɗin da bai kai mita ɗaya ba. Da hantsi ko da yamma, lokacin da rana ta karkata, kwarurrukan sukan fito fili da inuwarsu. Bayan ruwan sama su ne ke riƙe ruwa, bayan 'yar dusar ƙanƙara su ne ke riƙe fari. Gajeren kwari na yaro ne. Kowanne ka soka masa ƙaramar tuta.

Tsirrai ma shaidu ne. Shimfiɗar ganyen binka mai sheƙi da shuɗin fure a tsakiyar daji, itacen sida a layi, yuka mai ganye kamar takobi, furen lili da lailak a inda babu kangon gida: mutum ne ya shuka su. Inda binka ta tsaya sau da yawa ya fi shinge faɗin gaskiya.

Maganar shinge tana buƙatar a tsaya a kanta. Yawancin shingayen an kafa su ne shekaru da yawa bayan binnewar ƙarshe, aka kewaye duwatsun da ake gani kawai. Talakawa, baƙin da suka mutu a kan hanya, barori, da bayi a jihohin kudu, sau da yawa a gefe aka sa su, da alamar katako da ta ruɓe tuntuni. Ka tattaka aƙalla mita 10 zuwa 15 bayan shinge ta kowane ɓangare kana duba ƙasa.

Sannan babban kuskuren da ba ya gyaruwa: dutsen daji. Wanda ba shi da kuɗin sassaƙa sai ya ɗauko dutse daga rafi ya kafa a kai, ya kafa ƙarami a ƙafa. Mai share fili yana ganinsa sai ya ce zai karya masa injin, ya jefa shi gindin itace. Shi ke nan kabari ya ɓace. Duk dutsen da ka gani a tsaye a kan gefensa, ko biyu suna fuskantar juna da tazarar mutum a kwance, ka bar shi inda yake. Haka katantanwar teku, fasassun kwanoni da kwalabe a maƙabartun baƙar fata: ajiye su aka yi da gangan, ba shara ba ce.

Idan ka ga ƙashi a fili, wanda dabba mai haƙa rami ta fito da shi ko zaizaya ta tone, aiki ya tsaya nan take. A kira sherif, wato shugaban 'yan sandan kaunti, ko jami'in binciken mace-mace na kaunti. Idan kuma maƙabartar a kan wani tudu take mai siffar da ba ta yi kama da halitta ba, ka sanar da ofishin adana tarihi na jiha, domin Turawan farko sun binne nasu a kan tuddan da 'yan asalin ƙasar suka gina ko a gefensu, kamar yadda ake gani a garin Marietta na Ohayo.

Sara

Da hannu ake yi, da almakashin lambu da ƙaramin zarto. A yanke ƙananan itatuwa daidai ƙasa, a bar kututturen ya ruɓe da kansa. Tumɓuke shi yana ɗago saiwa, saiwa kuma tana ɗago dutse da abin da ke ƙarƙashinsa. Kurangar da ta manne wa dutse a yanke ta daga gindi, a bari ta bushe ta saki, in ka fizge ta da ɗanyenta da fatar dutsen za ta taho. Ba a cinna wuta, zafi yana tsaga dutse. Ba a shigo da tarakta. Manyan itatuwan tarihi a bar su, sai reshen da ya mutu yake rataye a kan kaburbura, shi kuwa aikin gwani ne da igiya.

Awo da taswira

Ka kafa turken ƙarfe a kusurwar kudu maso yamma, ka ɗauki lambobin GPS ɗinsa. Daga nan ka ja tef ɗin awo mai mita 30 ko 50 zuwa arewa, wannan shi ne layin uwa. Ka ja na biyu zuwa gabas, ka tabbatar kusurwar ta miƙe da dabarar magina: mita 3 a kan layi ɗaya, mita 4 a kan ɗayan, tsakaninsu ya ba da mita 5 cif. Kowane abu sai a auna shi da lamba biyu, nawa arewa, nawa gabas. GPS na waya yana kuskuren mita uku zuwa biyar, ƙarƙashin itatuwa ya fi haka, alhali tsakanin kabari da kabari mita ɗaya ne. Ya isa ya nuna maƙabarta, bai isa ya nuna kabari ba.

A kan takarda mai gidaje-gidaje ka sa santimita 1 a madadin mita 1. Ka zana komai: dutsen kai, dutsen ƙafa, kwari, gutsure, itace, shinge, ƙofa, da kibiyar arewa. Ka ba kowane sahu harafi, kowane kabari lamba, har wanda ba shi da dutse. Gutsuren da aka tsinta a C-7 sunansa C-7 har ranar da aka gano uwarsa.

Idan ana son tabbatar da iyaka, misali za a faɗaɗa hanya, akan ɗauko mai na'urar rada da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ana jan ta arewa da kudu, ta gitta kaburbura, layi-layi da tazarar santimita 25 zuwa 50. Ba ƙashi take gani ba, alamar ramin da aka taɓa haƙawa take nunawa, kuma a ƙasa mai yumɓu da danshi ganinta gajere ne. Rashin ganin komai ba ya nufin babu kowa.

Karatun dutse

Kayan aiki mafi amfani a nan dogon madubi ne irin na jikin ƙofa. Mutum ɗaya ya tsaya a gefe ya karkato hasken rana ya shafi fuskar dutsen daga gefe, kusan a kwance. Rubutun da ka rantse babu shi sai ya taso, kowane harafi da inuwarsa. In babu rana, tocila mai ƙarfi da magariba tana yin wannan aiki. Feshin ruwa zalla ma yana taimakawa: fuskar takan riga ramin harafi bushewa, sai ka sami minti biyu ko uku na karatu. Alli, garin fulawa da kumfar aski duk a bar su a gida, suna shiga ƙofofin dutse su ciyar da gansakuka ko su bar tabo. Shafa takarda da gawayi a kan dutse mai rauni yana ƙara cinye shi.

Ka kwafa layi-layi yadda yake, da kuskuren rubutunsa. Harafin da ba ka gani ba ka sa ɗigo, kada ka cike da zato. Mutum biyu su karanta daban-daban sannan a gwama, domin 1 da 4 da 7, 3 da 8, 5 da 6 suna rikiɗewa a dutsen da ya ci. A tsofaffin duwatsu akwai dogon harafin s mai kama da f. Kalmar "relict" tana nufin matar da mijinta ya riga ta mutuwa, "consort" wadda ta rasu mijinta na raye, "Æ" kuma shekarun mamaci. Ka duba baya da gefe, ka duba can ƙasa daf da ciyawa, nan masassaƙi yakan sa sunansa da garinsu.

Da yawa ba su ba da ranar haihuwa, sai ranar mutuwa da shekaru, wata da kwana. Lissafin haka yake. A ce ya rasu 12 ga Maris 1863 yana da shekara 41, wata 8, kwana 20. Ba a cire 20 daga 12, sai a ara kwana 30 daga wata: 42 a cire 20, saura 22. Maris ya koma wata na 2. Ba a cire 8 daga 2, sai a ara wata 12: 14 a cire 8, saura 6. Shekara ta koma 1862, a cire 41, saura 1821. Haihuwa ta faɗo 22 ga Yuni 1821. Ka rubuta cewa lissafi ne, don yana iya kaucewa da kwana ɗaya ko biyu.

Dutse ma yakan yi ƙarya ba da niyya ba. Giranit mai sheƙi ɗauke da 1840 daga baya jikoki suka kafa shi, da abin da suka tuna. Wanda aka sassaƙa wa shekarar haihuwa da "19" na farkon shekarar mutuwa aka bar sauran fili, mai yiwuwa a wata jiha aka binne shi. Kuma a tsofaffin maƙabartu rubutun dutsen kai yakan kalli yamma, ya juya wa kabarin baya. Dutsen ƙafa, mai haruffan farkon suna kawai, shi zai gaya maka ta ina mamacin yake kwance, shi ya sa tattara duwatsun ƙafa don sauƙin yankan ciyawa babbar asara ce.

Farin dutse mai zanen garkuwa a lotse, da suna da lambar runduna babu kwanan wata, na sojan Arewa ne a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Mai tsini a sama na sojan Kudu ne. Idan tsohon soja ba shi da dutse, ma'aikatar tsofaffin sojoji tana bayarwa kyauta ga wanda ya cancanta, da fom mai lamba 40-1330. In kuma ka ga yara uku na gida ɗaya cikin sati biyu, ko kaburbura da yawa na 1849 ko 1918, ka lura da shi a littafinka: kwalara, mashaƙo da murar 1918 duk sun bar sawunsu a sahu-sahu.

Wane irin dutse ne

Ba a wanki sai an san wannan. Silet baƙi-baƙi ne ko toka-toka, rubutunsa yana daɗewa da kaifi, amma yana rabewa falle-falle. Dutsen yashi ja-ja ne ko ruwan ƙasa, yana shan ruwa, fuskarsa takan ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon itace. Mabul fari ne, shi ya mamaye daga wajen 1830 zuwa 1880, ruwan sama mai tsami yana narka shi har ya koma kamar sukari. Giranit ya karɓe daga ƙarshen ƙarni na 19, shi ne mai juriya. Akwai kuma wani mai launin toka da shuɗi-shuɗi wanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji ƙarar fanko. Wannan tutiya ce, kamfanin Monumental Bronze na Bridgeport a jihar Konetikat ya riƙa zuba su daga shekarun 1870 zuwa 1914. Ba a cika cikinsa da kankare, ba a yi masa fenti.

Gwaji biyu kafin ruwa ya taɓa dutse. Ka shafa da tafin hannu: in gari ya biyo hannunka, bar shi. Ka ƙwanƙwasa a hankali da gaɓar yatsa: in ya yi ƙarar fanko alhali dutse ne, ya rabe daga ciki, bar shi.

Wanki

Ana wanki don a karanta, ko don a cire abin da ke cin dutse. Dutse mai shekara 170 ba sai ya yi fari kamar haƙori ba. Kayan aiki: ruwa kamar lita 20 ga matsakaicin dutse, famfon feshi na hannu wanda bai taɓa ɗaukar maganin ciyawa ba, buroshi mai laushi, da tsinken katako ko roba don kankare abin da ya manne.

A jiƙa dutsen sharkaf, a jira minti kaɗan. A fara da baya don gwaji. A goga daga ƙasa zuwa sama, domin ruwan datti in ya gangaro kan busasshen wuri zane yake bari. Kada a bari ya bushe ana cikin guga. A ɗauraye sosai. In ruwa bai isa ba, akwai maganin wanke dutse mai suna D/2, wanda cibiyar NCPTT ta hukumar gandayen ƙasa ta gwada a kan duwatsun sojoji ya yi kyau. A fesa a jiƙaƙƙen dutse, a jira minti 10, a goga, a ɗauraye. Dutsen yakan yi ja-ja ko ruwan lemo na ɗan lokaci, kada ka firgita, gansakuka ce ke mutuwa, kuma yana ci gaba da washewa har watanni.

Ruwan bilic yana barin gishiri a cikin dutse, gishirin ya kumbura ya farfasa shi daga ciki. Asid yana narka mabul. Buroshin waya yana kankare rubutu ya bar tsatsa. Injin wanki mai ƙarfin feshi yana ɗauke fatar dutse cikin daƙiƙa. Ba a wanki idan ana sa ran sanyi zai kai daskarewa cikin kwana biyu, ba a kuma zuba ruwan sanyi a dutsen da rana ta gasa.

Tayar da wanda ya karkata

Fara da nauyi. Mabul yana da kilo 2,700 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri. Allon dutse mai tsawon santimita 120, faɗi 50, kauri 8, ya kai kilo 130. Wanda ya fi haka sai da ƙarfe mai ƙafa uku da sarƙar ɗaga kaya da ɗamarar nailan, kada sarƙa ta taɓa dutse kai tsaye. Dogayen hasumiyoyi masu hawa-hawa na ƙwararru ne, faɗuwarsu ta kashe mutane.

Ɗan karkata kaɗan ba laifi ba ne. Wanda ya sunkuya sosai har nauyinsa ke neman karya shi, shi ake gyarawa. Kada a tura shi don ya miƙe, a daidai bakin ƙasa zai ɓalle, nan ne ya fi rauni saboda danshi. A tokare shi da katako tukuna. A shimfiɗa tamfol don zuba ƙasa. A tona ta baya da gefe-gefe, kusa da dutsen a yi da cokalin roba ko hannu, har a kai ƙarshensa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a ƙasa yake. A ciro shi a kwantar a kan katakai biyu, a soka turaku a inda gefunansa suke don ya koma gurbinsa, yana kallon inda yake kallo a da.

A zurfafa ramin da santimita 10 kawai, a zuba tsakuwa ƙanana gauraye da yashi rabi da rabi, a daddaɓe. A sauke dutsen yadda layin rubutu na ƙarshe zai tsaya sama da ƙasa, tsohon tabon ƙasa a jikinsa zai nuna maka zurfin asali. A sa filam a fuska da gefe. A riƙa cikewa da gaurayen nan santimita 8 zuwa 10, a yayyafa ruwa, a daɓe da guntun katako, a sake duba filam, a ƙara. Santimita 10 na sama a mai da ƙasar wurin, a ɗan tudunta ta don ruwa ya gangare. Tsakuwa tana barin ruwa ya wuce, in ƙasa ta daskare ta kumbura ba ta tura dutsen sosai.

Siminti shi ne abokin gaba. Ya fi mabul da dutsen yashi tauri, yana riƙe danshi, yana ɗauke da gishiri. Dutsen da aka dasa a kankare a bakin kankaren yake karyewa, wanda aka kwantar a cikinsa kuma ruwa da injin ciyawa su ƙarasa shi, ba a kuma iya ciro shi. Idan dutse mai gindi ne, wanda ke zama cikin rami a kan wani dutsen, a daidaita gindin tukuna, a share ramin, a zaunar da shi da kwaɓin farar ƙasa irin NHL 3.5 da yashi, mai laushi ne kuma yana numfashi.

Karyayyen dutse kuwa, in ba ka sami horo ba, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta lambarsa, ka kwantar da gutsattsarin a kan tsakuwa ko katako a gurbinsa. Masu gyara suna haɗawa da gam na musamman na dutse, ɗigo-ɗigo, su cike tsagar da farar ƙasa. Rodin ƙarfe da aka sa a tsofaffin gyare-gyare shi ne ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga da yawa daga cikin duwatsun da za ka gani. Ƙungiyar Association for Gravestone Studies, da aka kafa a 1977, da ofisoshin adana tarihi na jihohi suna shirya horo na kwana ɗaya ko biyu.

Ajiya da kulawa

Kwafi uku na taswira, hotuna da jerin sunaye: ɗaya ga amintattun gunduma, ɗaya ga ƙungiyar tarihin kaunti ko ɗakin karatu, ɗaya ga rajistar maƙabartu ta jiha in akwai. A sa a shafin Find a Grave don dangi na nesa, amma a buga a takarda ma. Idan babu wurin a rajistar filaye, a nemi safiyo ya auna a shigar, wannan ne ke kare shi ranar da gonar ta canza hannu.

Inda akwai shanu sai da shinge, domin susa suke yi da duwatsu har su kayar. Mai yankan ciyawa ya tsaya santimita 30 daga kowane dutse, sauran a ƙarasa da almakashi, ko da injin zare mai siririn zare wanda bai kai milimita biyu da rabi ba. Maganin kashe ciyawa a gindin dutse yana barin ƙasa tsirara, ruwa ya kwashe ta, dutsen ya sake karkata. Kowace shekara a Afrilu, bayan ƙasa ta narke, a zagaya da taswira da filam da hotunan bara, sahu-sahu, a rubuta wanda ya motsa da santimita nawa ya motsa.